Kwalin Ƙafar Kaka

A gidanmu, duk abin da aka rasa inda za a ajiye shi, ni ake miƙa wa. Takardun haihuwa, katin baftisma, hotunan da ruwa ya taɓa, har wasiƙar da marigayi kakanmu ya rubuta bai aika ba. Shi ya sa Kaka, mahaifiyar Mama, take kirana Sakatariya. Ko madubin idonta ta ɓatar, ni take tuhuma: "Sakatariya, ko kin sa shi a fayil ne?"

To, cikin duk abin da nake riƙe da shi, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar ƙafafun mutane. Ba na nama da jini ba, zanensu a kan kwali. Na Kawu ne, ƙanin Mama, mai ɗinkin takalma, wanda unguwa ta fi sani da Gwiwa-ƙasa.

Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki. Kawu ba ya tambayar mutum lambar takalminsa. Yakan ce, "Lamba ta kanti ce, ƙafa kuwa ta Allah ce." Zai sa ka cire takalmi ka taka kwali, shi kuma ya sa gwiwa a ƙasa ya zagaye ƙafarka da fensir, a hankali, kamar mai gudun tayar da jariri. Sai ya naɗa zare a saman ƙafar, ya danna nan ya danna can da babban yatsa, yana tambaya, "Nan fa? Nan da zafi?" Kuma ba ya awo da safe. In ka zo da hantsi zai ce ka dawo da la'asar, wai ƙafar safe maƙaryaciya ce, sai ta yini tana ɗauke da mai ita sannan take faɗin gaskiya. A gefen kwalin yakan rubuta kwanan wata da abin da zai tuna masa mutumin: "direban bas, diddigen hagu ya tsage," ko "mai shara, tana jingina ta dama."

Shekara goma sha biyar ya yi a wata 'yar rumfa tsakanin mai gyaran agogo da mai facin taya. Warin gam da fata har kan titi. Benci ɗaya ne, in mutum uku suka zauna, na huɗu sai tsaye. Ba zan ce yana cikin wahala ba, amma ba na mantawa, in aka yi addu'ar iyali a ɗakin Kaka aka ce kowa ya faɗi buƙatarsa, tasa ɗaya ce kullum: "Ku roƙa mini Ubangiji ya sa a san aikina." Bai taɓa jin kunyar wannan roƙon ba.

Amsar ta zo ta hannun wata mai karanta labarai a talabijin. Doguwa ce, ƙafarta babba, duk takalmin kanti matse ta yake yi. Ita da bakinta ta gaya wa Kawu cewa shekara shida tana karanta labarai ba takalmi, tunda teburi ya rufe ƙafar. Ta taka kwali, Kawu ya durƙusa kamar yadda yake yi wa kowa, ƙawarta kuma ta ɗauka da waya. Kafin mako ya zagayo, bidiyon ya shiga ko'ina.

Abin mamaki, ba takalmin ne ya burge mutane ba. Durƙuson ne. "Ku dubi tawali'u!" "Irin waɗannan sun ƙare a duniya." Motoci suka fara tsayawa har mai faci ya rasa inda zai shimfiɗa taya. Anti, matar Kawu, ta karɓi wayarsa ta buɗe masa shafi a intanet. Ya ɗauki ma'aikata uku. Aka gayyace shi rediyo. A coci ma aka sa shi ya tsaya gaban jama'a ya yi magana a kan ƙanƙan da kai, aka tafa masa har sau biyu. Mama ta raɗa mini a kunne ranar, "Kin taɓa ganin an yi wa mutum tafi don ba ya son tafi?"

Bayan shekara biyu ya kama babban shago a bakin titi, mai ƙofar gilashi da fanka huɗu. Aka yi allo, hotonsa a durƙushe, ya fi ƙofar shagon tsawo. Sabon wuri ba shi da kusurwar tara tsofaffin kwalaye, don haka aka zuba su a katan-katan aka kawo wa Sakatariya.

Na kwashe kwana huɗu ina jera su shekara-shekara a tsakar ɗakin Kaka. Na ga tawa ƙafar tun tana kamar cokali har ta kai yadda take yau. A rana ta biyu ne idona ya faɗa kan wani abu. A cikin zanen kowace ƙafar dama, daidai diddige, akwai ɗan gicciye, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Da farko na ɗauka alamar awo ce. Na ɗauko wani, akwai. Na ɗauko goma, akwai. Direba, mai shara, ɗan makaranta, kowa da nasa. Sai da na iso shekarar bidiyo na ga sun fara tsallake: wannan akwai, biyar babu, wannan akwai, ashirin babu. A katan na ƙarshe, ko ɗaya.

Abin ya ɗaure mini kai, don durƙuso dai bai daina ba. Kullum ina ganinsa a waya, gwiwa a ƙasa, fensir a hannu. To me ya tafi?

Na tambayi Mama. Ta ce, "Ni ƙafata kawai na sani, ita ma sai ta yi ciwo."

Na kai wa Kaka guda biyu, tsoho da sabo. Ta sa madubi, ta kawo tsohon dab da hancinta, ta daɗe tana kallo.

"Ashe yana yi," ta ce, kamar da kanta take magana.

"Yana yin me, Kaka?"

Ta ɗauki sabon, ta juya shi, ta sake juyawa. "Wannan fa?"

"Na bana ne. Babu."

Ta miƙo mini su duka biyun. "Je ki tambayi mai fensir. Ni ban iya zane ba."

Na je. Na same shi a sabon shago ana buga kantoci, waya a kunne ɗaya, mai fenti yana yi masa magana a ɗayan. Da ya samu numfashi na nuna masa. Ya kalla kamar wanda aka nuna wa hoton tsohon aboki da suka ɓata.

"Alamar aiki ce kawai, 'yata," ya ce, yana sosa bayan kunne.

Mama ta sha gaya mini, tun yana yaro, in ya sha madarar da aka ajiye aka tambaye shi, bayan kunne yake sosawa.

Saura kwana goma a buɗe shago, ya kira ni. Yana so Kaka ce za ta yanke zaren ƙofa, kuma da takalmin da ya ɗinka mata da hannunsa.

"Ki duba cikin kayan nan ki kawo mini kwalin Inna." Haka yake kiranta.

Na duba. "Kawu, na shekara tara ne fa."

"To ƙafar tsohuwa girma take yi? Kawo shi, ina da mutum takwas suna jira."

Daga shagon zuwa ɗakin Kaka tafiyar minti ashirin ce a ƙasa. Kuma mutumin da ya koya mini cewa ƙafa tana canzawa tsakanin safe da la'asar, shi ne yake gaya mini ba ta canzawa a shekara tara. Na san Kaka tana da ciwon suga. Ni nake raka ta asibiti, a gabana likita ya ce a kula da ƙafafunta kamar ƙwai, don sun fara kumbura kuma ba ta cika jin zafi a cikinsu ba. Duk wannan na sani. Amma na ce a raina, wa zai koya wa kifi iyo? Na sa kwalin a leda na kai masa. Wannan kason nawa ne a cikin labarin, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Takalmin ya yi kyau, gaskiya. Ruwan ƙasa, fata mai laushi kamar kunnen ɗan akuya, ɗinkin ko da fitila ba ka ganin inda ya karkace. Ranar buɗewa na tarar da Kaka zaune a bakin gado tana cusa diddige da bayan cokali.

"Kaka, ya matse ki ko?"

"Ɗana ne ya ɗinka."

"Na sani. Tambaya nake ko ya yi miki daidai."

"Ke Sakatariya, in kin gama rubuta tambayoyin ki miƙo mini sandata."

Ta yini a tsaye. Ta yanke zare, aka yi hoto da ita, mai karanta labarai ta rungume ta. Kawu ya durƙusa a gabanta ya riƙe takalmin da hannu biyu, aka ɗauka ta gaba, aka ce haske bai yi ba, ya sake durƙusawa aka ɗauka ta gefe. Ranar Lahadi ta sa shi zuwa coci don matan da suke zama benci ɗaya su gani. Lahadi ta gaba ma haka. Har zuwa gaisuwar maƙwabta da shi take tafiya.

Ni na gano. Ina tattara wanki na ga safarta ta hagu ta manne, ta yi baƙi a wajen ƙaramin yatsa. Da na sa ta ta miƙo ƙafar, sai da na juya fuska.

A asibiti aka kwantar da ita. Washegari da rana, ni da Mama muna gefen gado, wata ma'aikaciyar jinya mai fara'a tana wanke ciwon. Ta hango takalmin a ƙarƙashin gado, ta ɗaga shi, ta gwada da ƙafar, ta yi tsaki.

"Wa ya ba Baaba wannan? Ai wannan ba nata ba ne. Ku dai ba ku da labari. Akwai wani mutum da ake nunawa a waya, mai durƙusawa ya auna ƙafa. Bawan Allah ne sosai. Wurinsa ya kamata ku kai ta, ba ku saya mata na kanti ba."

Ni dai ƙofa nake kallo, don Kawu yana tsaye a wurin da ledar lemu a hannu, kuma na san ya ji komai.

Matar ta bi idona ta juya. "Laa! Ga shi ma! Kai ne ko? Kai, yau sai na yi hoto da kai. Kun san shi ne?"

"Ɗana ne," in ji Kaka. Ta gyara mayafi. "Takalmin kuwa kyauta aka ba ni."

Ba ƙarya ta yi ba. Ta buɗe masa ƙofa ce kawai, in yana so ya fita da sunansa cas. A ɗakin akwai gadaje shida, kowanne da masu jinya, kuma rabinsu sun riga sun ciro waya. Na ga hannun Kawu ya tashi zai je bayan kunne. Ya tsaya a hanya. Ya sauko.

"Ni na ɗinka shi," ya ce. "Ban auna ta ba. Da tsohon zane na yi."

Ma'aikaciyar ta kalli takalmin, ta kalle shi, ta mayar da shi ƙarƙashin gado a hankali. Ba a yi hoton ba. Wata tsohuwa a gadon ƙarshe ta ce, "Oh'oh, duniya," shi ke nan.

Likitoci sun yi ƙoƙari mako biyu. A ƙarshe suka ce in ana so a tsira da ƙafar, sai a haƙura da yatsan. Aka cire shi. Maganar asibiti kuwa ta fita, kamar yadda magana take fita. Wasu suka rubuta abubuwa marasa daɗi a shafin Kawu, Anti ta yi ta gogewa tana kuka, har ya ce ta bar su.

Sai bayan wata biyu, da ciwo ya warke, Kawu ya zo gida. Da la'asar. Ba mota, ba Anti, sai sabon kwali a hammata da fensir a bayan kunne. Kaka tana zaune a baranda ina yanke mata farce.

Ya gaishe ta, ya shimfiɗa kwalin, ya sa gwiwa a ƙasa.

Kaka ta leƙa bayansa, ta leƙa ƙofar gida. "Ina mai ɗauka? Sakatariya, yi maza kawo waya, kada durƙuson nan ya tafi a banza."

"Inna, don Allah."

"A'a, gaskiya ce ai. Hasken ya yi, ko in juya?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ɗaga ƙafarta da hannu biyu ya ɗora a kan kwalin. Ya fara zagayawa. Da fensirin ya iso inda yatsan yake a da, ya tsaya. Kaka ta ɗora hannu a kansa.

"Zana abin da ke nan," ta ce. "Wanda ya tafi ya tafi. Dama ba ya aikin komai sai karo da ƙafar gado."

Ya gama ta hagu, ya gama ta dama. Amma bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai, shiru, kamar minti ɗaya. Sannan ya sa fensir a diddige ya ja layi biyu ƙanana.

Na kasa haƙuri. "Kawu, alamar aiki ce?"

Ya share fuska da hannun riga, ya zauna a ƙasa sosai.

"Ranar da zan buɗe rumfa," ya ce, "na zo wurin Inna ina ƙunci. Na ce abokaina suna ofis, ni kuma zan ƙare rayuwata ina durƙusa wa ƙafafun mutane masu wari. Kin san me ta ce?"

"Na ce Ubangijinka ma ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafu, kai wane ne," in ji Kaka.

"Ta ƙara da cewa, tunda sana'a ta riga ta kai ka ƙasa, kada ka tashi hannu wofi. Ka roƙa wa mai ƙafar wani abu. To shi ne. In na ga diddige ya tsage, na san tsayuwa ta yi yawa, sai in roƙa masa hutu. In na ga mace ta jingina gefe ɗaya, in roƙa mata sauƙin abin da take ɗauke da shi. Ba wanda ya sani. In na gama, sai in sa alamar."

"To me ya sa ka daina? Ai ba ka daina durƙusawa ba."

"Gwiwa ce ba ta daina ba." Ya juya fensirin a hannunsa. "Tun da aka fara ɗauka, in na sauka ƙasa abin da ke kaina shi ne wane gefen fuskata ya fi kyau, rigar ta zauna ko ba ta zauna ba. In ɗago, in ga ban roƙa wa mutumin komai ba. Sau biyu na sa alamar haka nan, hannuna ya yi nauyi. Na ce gara in bar wurin fari. Mutane zan iya ruɗa, amma ban da Mai gicciyen."

Kaka ta ce, "To, aƙalla kwali bai yi ƙarya ba."

Na so in ce daga ranar Kawu ya watsar da suna ya koma rumfarsa, amma ba haka aka yi ba, kuma ba na jin haka ya kamata. Mutum uku suna ciyar da iyalinsu daga shagon nan. Abin da ya yi shi ne, ya sa labule mai kauri a kusurwar da ake awo, ya rataye ɗan kwando a bakin labulen. Duk mai shiga, wayarsa a kwando. Anti ta yi faɗa sosai.

"Abin da suke zuwa gani ke nan fa! Ka rufe shi, me zan sa a shafi?"

"Ki sa yanka, ki sa ɗinki, ki sa takalmin in ya fito. Ki sa fuskata ma, ba na ƙi."

"Durƙuson fa?"

"Wannan ba na sayarwa ba ne. Na gwada, ya yi tsada."

Wasu sun ji haushi sun tafi, musamman masu zuwa da nasu mai ɗauka. Wasu kuma suka zo saboda labulen. Allon kuwa, ya so ya sauke shi, Kaka ta hana. Ta ce, "Bar shi. Kullum da safe ka ɗaga kai ka gaishe shi, ka ce yau sai na kamo ka."

Son a san shi bai bar shi ba. Makon jiya na kama shi a bayan kanta yana duba mutum nawa suka kalli sabon bidiyo, yana murmushi shi kaɗai. Da ya gan ni bai ɓoye wayar ba. Ya ce, "Har yanzu ina so, 'yata. Ina dai ƙoƙarin kada ya shiga bayan labule."

Duk ƙarshen wata ana kawo mini kwalaye in jera. Kafin in duba kwanan wata, diddige nake fara dubawa. Ba duka ke da alamar ba. Na watan jiya, uku babu, kuma na gaya masa. Ya ce ya sani, har ya faɗa mini ranakun.

Kwalin Kaka ba ya cikin katan. Yana cikin fayil ɗin takardun haihuwa, ƙafa ɗaya yatsu biyar, ɗaya huɗu. Kowane wata uku ana sauya shi da sabo, don Kawu yana zuwa da la'asar, a ƙasa, ya sake awo. Sabon takalmin ba shi da kyau kamar na farko. Faffaɗa ne, bakinsa kamar na agwagwa, kuma Kaka ba ta gajiya da faɗin haka a gaban mutane. Amma da shi take takawa zuwa coci duk Lahadi, ni a gefenta riƙe da jaka, tana ce mini in rage sauri, ba gudun fanfalaki muka fito ba.